Matsar alayyadi a Kumasi: ina ribar take, kuma ta ina take zurarewa?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Aboabo a Kumasi ya aiko da tambaya. Ya ce ya tara ɗan jari, an nuna masa injin matse man alayyadi a Suame Magazine, unguwar maƙera da makanikai ta Kumasi, mai injin kuma ya tabbatar masa cewa cikin wata shida zai mayar da kuɗinsa. Yana so ya san ko ƙaramar masana'anta irin wannan tana da riba da gaske, da kuma abin da ya kamata ya lura da shi kafin ya biya.

Ɗan'uwa, akwai riba, amma siririya ce, kuma yawancinta a wurin sayen ƙwara ake samunta ko a rasa ta, tun kafin a kunna inji. Saboda haka zan fi daɗewa a kan ƙwarar fiye da injin.

Bari mu daidaita sunaye tukuna, don a kasuwa ana cakuɗa su. Bayan an matse manja daga kwakwa, abin da ya rage shi ne ƙwallo mai tauri. In an fasa ƙwallon sai a sami ɓawo da ƙwara, wadda ake kira adwe da harshen Twi. Daga ƙwarar ake fitar da alayyadi, adwe ngo ke nan a bakin matan kasuwar Kejetia. Abin da ya saura bayan matsa shi ne tunkuza, wadda masu kiwo ke saye. Ke nan kaya uku za ka riƙa fitarwa: mai, tunkuza da ɓawo. Wanda ya yi lissafinsa a kan mai kaɗai ya bar kuɗi a ƙasa.

Busasshiyar ƙwara mai kyau tana ɗauke da mai kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari na nauyinta. Ƙaramin inji ba ya fitar da shi duka. In sukurun injin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke juyawa a ciki yana matse ƙwara, na da lafiya, an kuma maimaita matsa sau biyu, daga kilo 100 na ƙwara za ka sami mai wajen kilo 38 zuwa 42, tunkuza kilo 52 zuwa 55, sauran ya tafi a tururi da laka da abin da ya zube. Ka riƙe 40 a ka. Ma'anarsa kilo biyu da rabi na ƙwara ke ba da kilo ɗaya na mai. Litar alayyadi ba ta cika kilo ba, wajen giram 920 ce, don haka jarkar nan ruwan ɗorawa mai lita 25 da ake ce wa galan ɗin Kufuor tana ɗaukar kilo 23, duro mai lita 200 kuma wajen kilo 184. Tan ɗaya na ƙwara zai ba ka jarka 17 da ɗan ɗori. In ka matse tan guda ka ƙirga jarka 14 ko 15, akwai matsala, ko dai a ƙwarar ko a sukurun.

Farashi yana sauyawa daga mako zuwa mako, don haka ga lissafi da lambobin misali kawai, kai kuma ka cire su ka sa na kasuwar yau. A ce kilon ƙwara sidi 5 ne, na mai sidi 14, na tunkuza sidi ɗaya da rabi. Tan ɗaya ya ci maka 5,000. A ce dako da wuta da ladan ma'aikata da jarkoki da abin da kake warewa na gyara sun ci 700. Jimilla 5,700. In ka sami mai kilo 400, kuɗinsa 5,600, tunkuza kilo 540 kuma 810. Ka tashi da 6,410, riba 710. To lura: kuɗin man kaɗai bai ma rufe abin da ka kashe ba, tunkuzar ce ta fitar da kai. Yanzu a ce sukuru ya cinye, mai ya sauko zuwa kilo 350. Kuɗin mai 4,900, tunkuza ta ƙaru zuwa kilo 590, wato 885, jimilla 5,785. Ribarka ta koma sidi 85 a tan guda. Injin yana ta ƙara, yara suna ta cika jarka, kowa na ganin ana aiki, alhali man da ya kamata ka sayar a sidi 14 yana fita a cikin tunkuza kana sayar da shi a ɗaya da rabi.

Haka abin yake in an sayar maka da ruwa da ɓawo. Ƙwarar da kashi goma nata danshi ne da ɓawo da yashi, ka biya kuɗin kilo 1,000 ka karɓi 900. Manka ya koma 360, kusan duk ribar ta tafi. Shi ya sa nake cewa kada ka yarda ka sayi ƙwara da buhu ko da gwangwanin olonka. Ka tafi da sikelinka. A kowane kaya ka zura hannu har tsakiyar buhu, ka ɗebo daga buhu uku ko huɗu, ka haɗa kilo ɗaya daidai, ka baza a tire ka tsince ɓawo da tsakuwa da ƙwallon da bai fashe ba, ka auna su. In sun wuce giram 50 zuwa 60, a rage farashi ko a sake tsincewa. Sannan ka yanka ƙwara ashirin da wuƙa. Mai kyau cikinta fari ne mai ɗan sheƙi, tana da tauri, in ka ciza ta ba ta lanƙwasawa. Wadda cikinta ya koma ruwan ƙasa, ko take warin ruma, ko ka ga farar fumfuna a bayanta, manta zai fito da tsami, kuma babu abin da inji zai yi ya gyara shi. Danshin da ake so shi ne kashi 7 cikin ɗari ko ƙasa da haka. In ba ka da na'urar awon danshi, ka shanya wancan kilon a rana kwana biyu ka sake aunawa. Abin da ya ragu, ruwa ne da ka kusa saye da kuɗin ƙwara. Da zarar dillalai sun san kana yin haka, su da kansu za su daina kawo maka jiƙaƙƙen kaya.

Sai batun ko ƙwara za ka saya ko ƙwallo. Ƙwallo ya fi araha, kuma akwai shi jibge a bayan ƙananan wuraren matsar manja na ƙauyuka, musamman wajen Kade da Kwae da sauran yankin Kwaebibirem, da Juaben nan kusa da mu, da Twifo Praso. Sai dai kwakwa iri biyu ce a gonakin Ghana. Akwai ta gargajiya, dura, mai kaurin ɓawo, wanda kan kai milimita 2 zuwa 8. Akwai kuma tenera, irin da cibiyar binciken kwakwa ta Kusi ke rabawa manoma, wadda mutane ke ce wa ta agirik, mai siririn ɓawo. A ƙwallon dura, ƙwara kusan kwata ce kawai ta nauyinsa. A na tenera takan kai wajen kashi 40. Wato in ka loda tan ɗaya na ƙwallon dura daga Kade zuwa Kumasi, kilo 750 na abin da ka biya wa kuɗin mota ɓawo ne, man da za ka samu a ƙarshe kuma bai wuce kilo 100 ba. Hanyar da ta fi ita ce a kai injin fasawa can inda ƙwallon yake, a fasa, a rabe, a busar, a kawo ƙwara zalla. Injin fasawa ƙarami ne, aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ma tana ɗaukarsa, kuma yana aiki da ƙaramin injin dizal. Ba na ba da shawarar jigilar ƙwallo mai nisa sai in kana da tsayayyen mai sayen ɓawo a wannan gefen.

Ƙwallo ba ya fasuwa da kyau sai ya bushe har ƙwarar ta saki jikin ɓawo. Ka ɗauki 'yan ƙwallaye a tafin hannu ka girgiza kusa da kunne. In ka ji suna kaɗawa kamar caki, sun isa fashi. In shiru ne, a ƙara musu kwanaki a rana, don in aka fasa su haka ƙwarar za ta fito manne da ɓawo ko ta farfashe. Injin yana wurga ƙwallo ne da ƙarfi ya bugi bangon ƙarfe. Gudu ya yi yawa, ƙwara ta dagargaje, kuma fasasshiyar ƙwara ta fi saurin tsami. Gudu ya yi kaɗan, rabin ƙwallon ya fito yadda ya shiga. Saboda dura da tenera ba ƙarfi ɗaya suke so ba, a tace su da rariya a raba manya da ƙanana kafin fashi.

Rabe ƙwara da ɓawo shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Ana fara sheƙewa ko a busa da fanka, ƙananan ɓawo da ƙura su tafi. Sannan a dama yumɓu ko ƙasar shuri a rabin duro ko a ramin siminti, har ruwan ya yi kauri kamar kunu mai ruwa-ruwa. Dalilin shi ne ƙwara ta fi ruwa nauyi kaɗan, ɓawo kuma ya fi ƙwara nauyi, don haka ana son kunun yumɓun ya tsaya tsakaninsu, nauyin lita ɗaya wajen kilo 1.12. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka jefa ƙwara tsintacciya da ɓawo. In duka sun nutse, ƙara yumɓu. In duka sun taso, ƙara ruwa. In ƙwara ta taso ɓawo ya nutse, an dace. A kwashe ƙwarar da kwando, a ɗauraye ta da ruwa mai tsabta, a shanya nan take a kan siminti ko tamfol, kaurin shimfiɗar kada ya wuce yatsu uku, ana juyawa. Wasu suna amfani da ruwan gishiri. Yana aiki, amma ya fi tsada kuma yana cin ƙarfe. Inda mutane suka fi yin asara shi ne nan: a tsamo ƙwara da yamma, hadari ya taso, a tattara ta a jiƙe a cusa a buhu. Kwana uku ka sa hannu a buhun ka ji ɗumi kamar an dafa. Wannan kayan ya riga ya lalace.

Kuma abin takaicin shi ne kakar kwakwa, daga Fabrairu zuwa wajen Mayu, tana haɗuwa da saukar damina a yankin Asante. Lokacin da ƙwara ta fi yawa da araha, lokacin ne shanya ta fi wuya. Rumfa mai rufin leda mai haske a kan daɓen siminti, wadda iska ke ratsawa ta gefe, tana biyan kuɗinta tun a kakar farko. Ni a ganina ta fi janareta muhimmanci ga mai farawa.

Yanzu injin. Tambayar farko da za ka yi wa mai sayarwa: tan nawa da ya faɗa, a awa nawa ne? Sau da yawa lissafin awa 24 ne, kai kuma awa takwas za ka yi. Na biyu, kada ka biya sai an gwada a gabanka da ƙwararka. Ka kawo kilo 200 da ka auna da kanka, a matse, a auna mai, a auna tunkuza. Ka ɗauki tunkuzar da zafinta ka murza a farar takarda. In ta bar maiƙo shar, injin bai matse ba. Tunkuza mai kyau tana fitowa a bushe, ɓangare-ɓangare kamar fasasshen kasko, tana karyewa ƙas. Ƙwarar kwakwa tana da tauri ƙwarai, ba kamar gyaɗa ko waken soya ba, don haka injin da aka ƙera don gyaɗa ba zai jure ta ba. Tana son giyabos mai ƙarfi, da boris ɗin da ke tare turin sukuru daga baya, da motar lantarki da ke juya injin, mai ƙarfin doki 30 zuwa sama, wadda ke nufin wutar lantarki mai layi uku. Ka tabbatar akwai layi ukun a wurin da za ka kafa, kuma taransifomar unguwar za ta ɗauka, kafin ka biya kuɗin hayar fili. Maƙeran Suame sun iya aiki, kuma amfanin sayen nasu shi ne in wani abu ya karye, cikin yini ɗaya an gyara. Akwai kuma cibiyoyin GRATIS da ke ƙera injinan sarrafa amfanin gona. Ko daga ina ka saya, ka sa a haɗa maka da sukuru na biyu tun ranar farko.

Sukurun shi ne ran injin, kuma yana cinyewa kullum, ɓawo da yashi ke gurje shi. Ana ciko shi da walda da sanda ta musamman mai tauri, ba sandar da ake walda ƙofa da ita ba, wadda ba ta yin mako. Yadda za ka gane lokacin ciko ya yi shi ne ta littafi: kowace rana a rubuta kilon ƙwarar da ta shiga da kilon man da ya fito. Ranar da ka ga 40 ta koma 37, a cire sukuru a sa na ajiya. A ɗaura mayen ƙarfe a bakin mazurarin, domin ƙusa ɗaya ko guntun noti da ya biyo buhu yana iya fasa sandunan kejin da ke kewaye da sukuru. Da safe a fara da tsohuwar tunkuza kaɗan-kaɗan, bakin fita a buɗe, har injin ya yi zafi, sannan a riƙa matse bakin a hankali. In an tashi kuma a buɗe baki a bar cikin ya fita tas kafin a kashe. Wannan ya kawo mu ga dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki. In wuta ta ɗauke injin na cike, abin da ke ciki yana sandarewa kamar dutse da zarar ya huce. Mai garaje ya danna maɓalli da wuta ta dawo, sai mota ta ƙone ko shaf ya karye. Dole a kwance keji a fasa da kurfi a share, ko da zai ci rabin yini.

Man da ya fito yana da laka. A bar shi a tanki kwana biyu zuwa uku ya kwanta, a ja na sama, lakar a mayar cikin inji tare da sabuwar ƙwara. Matatar ƙyalle tana ba da mai garau wanda masana'antu suka fi so. Duro ya zama busasshe, ba tsatsa, ba ɗigon ruwa. Da hunturu za ka ga man ya daskare ya yi fari, don yana narkewa ne a zafin digiri 24 zuwa 28. Ba lalacewa ba ce, a sa a rana ya narke, kada a ɗora duro a kan wuta.

Masu saye iri biyu ne. Akwai masu dafa sabulu na unguwa, masu alata samina da muke kira sabulun salo da masu sabulun wanki, waɗanda ke son alayyadi saboda shi ke sa sabulu kumfa da tauri. Suna saye jarka-jarka, kuɗi hannu, kuma wasunsu sun fi son baƙin man da ake samu ta hanyar soya ƙwara a niƙa a dafa. Akwai kuma manyan masana'antu na Tema da Accra, masu saye da duro ko tanka. Su suna gwada tsamin mai, abin da suke kira FFA, kuma abin da aka saba karɓa shi ne kada ya wuce kashi 5. Sukan kuma jinkirta biya. Ƙaramin mai inji da ya ba da duk mansa bashi na wata guda, injinsa zai tsaya ko da a takarda ya ci riba. Ka fara da masu sabulu na Kumasi. Ka kuma sani farashin alayyadi yana bin kasuwar duniya, inda Indonesiya da Malesiya ke da rinjaye, yana tafiya tare da na man kwakwar Attagara, yana kuma motsi da darajar sidi. Kada ka ɓoye mai kana jiran tashi da kuɗin da ya kamata ya sayi ƙwara.

Tunkuza a baza ta ta huce kafin a zuba a buhu, don in an tara ta da zafi tana iya cin wuta daga ciki. Tana da furotin wajen kashi 14 zuwa 18, da zare mai yawa, shi ya sa shanu suka fi kaji amfana da ita. Masu kaji suna sa ta kaɗan ne a haɗi. A nan yankin masu kiwon alade na cikin manyan masu saye, don haka wanda ba ya son wannan cinikin ya nemi masu shanu da masu kaji tun da wuri. Wani gargaɗi da ya kamata ka riƙa yi wa masu turkar ragunan layya a zango: tunkuzar kwakwa tana da sinadarin tagulla, tumaki kuma ba sa jure shi da yawa, yana taruwa a hanta. A haɗa ta da dusa da harawa, kada ta zama ita ce abincin gaba ɗaya. Ɓawo kuwa maƙera na so, masu tukunyar tururi na so, akwai kuma masu tarawa su fitar waje.

Abin da ke kashe irin wannan sana'a a shekarar farko shi ne a zuba jari duka a inji. Injin da ke cin kilo 250 a awa, a awa takwas ya ci tan 2, a kwana 25 tan 50. Da farashin misalinmu, sidi 250,000 ke nan na ƙwara a wata. Ko da kuɗin na juyawa duk mako biyu, sai kana da rabin wannan a hannu. In kaka ta wuce, daga wajen Satumba zuwa ƙarshen shekara, ƙwara tana ƙaranci, manyan masu saye suna ɗaga farashi, haya da albashin mai gadi kuma ba sa tsayawa. Wanda ya sayi busasshiyar ƙwara a kaka ya jera a buhun algarara a kan katako, nesa da bango, a ɗaki mai iska, shi ke aiki a waɗannan watannin. Wata shidan da aka faɗa maka lissafi ne na injin da ke aiki kullum a cike, ba gyara, ba ɗaukewar wuta, ba bashi. Kuɗin banki mai ruwa kuwa, ribar da muka lissafa ba za ta ɗauke shi ba.

Kada ka kafa a tsakiyar gidaje a Aboabo ko Asawase, ƙara da hayaƙi za su haɗa ka da maƙwabta. Za ka buƙaci rajistar kasuwanci, izinin majalisar yankin da kake, da na hukumar kare muhalli, da na hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, in man na ci ne. Hukumar bunƙasa itatuwan amfanin gona, TCDA, wadda dokar 2019 ta kafa kuma hedikwatarta ke nan Kumasi, tana rajistar masu harkar kwakwar manja, ka leƙa ofishinsu.

Shawarata, kada ka sayi injin a bana. Ka sayi sikeli mai kyau da tamfol biyu, ka je Juaben ko Kade a kaka ka sayi tan 2 ko 3 na ƙwara ta hanyar da na bayyana, ka kai wa mai inji ka biya ladan matsa, ku yi magana tun farko cewa tunkuzar taka ce. Ka tsaya a wurin a auna komai a idonka, ka sayar da man da tunkuzar da kanka, ka rubuta kowane sidi har da na aboboya. Ka maimaita sau uku, ɗaya a ciki a watan Oktoba ko Nuwamba lokacin da kaya ya yi wuya. In lissafin ukun ya fita, kuma ka sami dillalai biyu ko uku da ke kawo busasshiyar ƙwara da masu sabulu da ke dawowa da kansu, sai ka koma Suame da kilo 200 naka a gwada injin.